Bimbini Cikin Hidimar Yau da Kullum

Yau za mu yi magana a kan bimbini, wato yin zurfin tunani a kan Maganar Allah, da yadda za mu sama masa wuri cikin hidimarmu ta kowace rana. Nassoshinmu su ne Zabura ta 1, aya 1 zuwa 3, da Joshuwa sura 1, aya 8. In kana da Littafi Mai Tsarki, ka buɗe ka karanta su bayan wannan shiri.

Da yawa daga cikinmu mukan je sujada ran Lahadi, mu ji wa'azi, mu ce amin. Amma kafin Talata, in an tambaye mu abin da fasto ya faɗa, sai mu yi shiru. Cikin misalin mai shuka, a Markus sura 4, Yesu ya yi zancen irin da ya faɗi cikin ƙaya. Irin ya tsiro, amma damuwar duniya ta shaƙe shi, bai ba da amfani ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kuɗin makaranta, tsadar taki, ciwo a gida, da wayar nan da ba ta barin hannunmu, su ne ƙayar da ke shaƙe Maganar a zuciyarmu.

To, mene ne bimbini? Kalmar Ibrananci da ke cikin nassoshin nan biyu ita ce "haga". Tana nufin maimaita magana a hankali, ƙasa-ƙasa. Da ita annabi Ishaya ya kwatanta gurnanin zaki a kan abin da ya kama, a sura 31, da kukan kurciya a sura 38. Ashe bimbinin mai bi ba zama da wofintacciyar zuciya ba ne. Cika zuciya ne da Magana, ana juya ta. Ku dubi saniya. Takan yi kiwo da rana, sa'an nan ta kwanta ta yi tuƙa, ta sake tauna abin da ta ci. Haka ciyawa take zama madara.

Wataƙila wani zai ce, “Malam, ni ba ni da lokaci.” Amma ka tuna, sa'ad da Allah ya umarci Joshuwa ya riƙa tunani a kan Shari'a dare da rana, Joshuwa yana shirin haye Kogin Urdun ne da dukan jama'ar Isra'ila. Daniyel babban ma'aikaci ne a fadar sarki Dariyus, duk da haka yakan durƙusa sau uku a rana. Nehemiya yana tsaye gaban sarki Artashate, sarki ya yi masa tambaya, kafin ya amsa sai ya yi addu'a a zuciyarsa. A birnin Faris na ƙasar Faransa kuma an yi wani bawan Allah da ake kira Ɗan'uwa Lawrence, wanda ya rasu a shekara ta 1691. Ya yi shekaru yana aikin ɗakin girki, kuma a tsakiyar tukwane ya koyi zama a gaban Allah. Dukansu mutane ne masu aiki kamarmu.

Ga shawarwari huɗu.

Na ɗaya, ka fara da aya guda. Da asuba, kafin ka taɓa waya ko rediyo, ka keɓe minti 5. Yesu kansa ya tashi tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, kamar yadda Markus 1:35 ya nuna. Ka karanta ayar sau uku a hankali, ka tambayi kanka, “Me take koya mini game da Allah? Me take so in yi yau?” In ba ki iya karatu ba, uwa, ki sa yaro ya karanta miki har ki haddace.

Na biyu, ka ɗaura ayar a kan aikin da ka saba yi. Mai daka ta maimaita ta tare da taɓarya. Manomi ya maimaita ta a ƙarshen kowace kunya. Mai jiran mota a tasha ma yana da lokaci isasshe. Direba kuwa, ka yi naka da ido a buɗe!

Na uku, ka tara hankalinka wuri ɗaya. Laifin Marta, a Luka sura 10, ba girki ba ne. Hankalinta ne ya rabu, har ta fara gunaguni a kan 'yar'uwarta Maryamu. In ɗanka yana yi maka magana, ka saurare shi sosai. In fushi ya taso, ka dakata, ka ja numfashi a hankali, ka tuna da ayar safiya kafin ka buɗe baki. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Na huɗu, da dare ka waiwayi ranarka. Ina ka ga alherin Allah? Wa ka ɓata wa rai? Ka yi godiya, ka nemi gafara, ka danƙa gobe a hannunsa.

Kada ku ɗauka bimbini zai biya bashi, ko ya hana mara lafiya zuwa asibiti. Itacen da Zabura ta 1 ta kwatanta, rani yakan same shi kamar sauran itatuwa, amma saiwarsa tana wurin ruwa, shi ya sa ganyensa ba ya yaushi. In ka manta yau, ka sake farawa gobe. Da yayyafi kogi kan cika.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka san yawan damuwarmu. Ka ba mu natsuwa ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, domin Maganarka ta zauna a bakinmu da zuciyarmu, a gona, a kasuwa, da cikin gida. Mun roƙa cikin sunan Yesu. Amin.

Sai mun sake saduwa. Ubangiji ya kiyaye ku.