Amsar Wasiƙa: Wace Tawada Ce Ta Dace Da Littafin Bashi?

Yau za mu amsa wasiƙar wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, wanda ya sayo kwalbar tawada shuɗiya mai duhu ta alƙalamin ruwa, yana tambaya ko zai iya rubuta littafin bashi da takardar cinikin gona da ita.

To malam, mun gode da tambaya. Amsa ita ce, kada ka yarda da launi, sai ka gwada. Tawadar alƙalamin ruwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda rini ne kawai a cikin ruwa. Wannan tana da kyau a ido, amma da zarar ruwan sama ko gumi ya taɓa ta sai ta malale, rana kuma ta koɗar da ita. Akwai kuma mai sinadarin ƙarfe a ciki. Ita wannan, kana rubutawa za ka gan ta shuɗiya, bayan kwana ɗaya ko biyu iska ta buge ta sai ta rikiɗe ta yi baƙi-baƙi, ta kama jikin takarda. Ka ga yadda dukawa ke shafa kuloko a fatar da aka jeme da gabaruwa ta koma baƙa? To, haɗuwar ke nan. A Ingila ma irinta masu rajistar haihuwa da aure suka daɗe suna aiki da ita. Daga cikin masu ƙarfen akwai Hero 232 ta ƙasar Sin da Pelikan 4001 Blue-Black ta Jamus.

Ga yadda za ka gwada taka. Ka yanki takarda uku daga irin littafin da kake aiki da shi, ka rubuta suna da adadin kuɗi a kowace, ka bari su kwana. Ta farko ka tsoma ta a ƙwaryar ruwa na minti 5. Ta biyu ka ajiye ta inda rana ke bugawa har mako 2. Ta uku ka sa a akwati, sannan ka kwatanta su. In ɗan shuɗin ya fita amma rubutun yana nan ana karantawa, madalla. In kuwa 7 ta koma kamar 1, to bar wa yara su yi aikin makaranta da ita.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, jama'a. Shaidu suna mutuwa, takarda ce ke saura, kuma rigimar gona takan tashi ne bayan masu cinikin sun kwanta dama.

Sai kuma kula da alƙalamin. Ka riƙa wanke shi da ruwa mai tsabta kamar duk mako 2, don mai ƙarfen takan bar guɗaji. Kada ka gauraya tawada biyu. Kada kuma ka ɗura masa tawadar allo, ƙaron da ke ciki zai toshe shi. Lokacin hunturu ka rufe kwalba sosai. Adadin kuɗi kuwa ka rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, takardar ka sa a leda cikin gwangwani saboda gara.

Sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.