Allah Na Nesa Ne, Ko Na Kusa?

Jawabi ga masu kula da rumbun tsimi na ikilisiyoyi



Duk shekarar da damina ta yi gardama, nakan ji maganganu biyu a ƙauyukanmu. Wani ya ce, "Allah ya manta da mu." Wani kuma ya ce, "Abin da aka rubuta ba makawa, don me zan wahala?" Waɗannan maganganu ba yau aka fara su ba.

A birnin Atina na ƙasar Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, an yi wasu masana biyu. Abikuri ya koyar cewa akwai alloli, amma suna can nesa cikin hutu, ba ruwansu da kukan ɗan Adam. Zeno kuwa, tushen Sitokiyawa, ya koyar cewa ikon Allah ya ratsa kowane abu, komai kuma an riga an ƙaddara shi.

Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Manzo Bulus ya gamu da almajiran waɗannan makarantu biyu, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna. A Tudun Arasa ya bayyana masu Mahaliccin da ba ya bukatar komai daga hannunmu, duk da haka yana kusa da kowannenmu, yana kuma kiran mutum ya tuba. Wanda ake kira ya juyo, ai an ba shi abin yi ke nan.

Me ya haɗa wannan da rumbunmu? Mai ganin Allah ya yi nisa yakan fid da zuciya. Mai cewa komai an gama yakan naɗe hannu, ya sayar da hatsinsa da kaka da araha, ya ci bashi da bazara. Ku tuna da Yusufu a Farawa sura 41. Allah ne ya nuna yunwa tana zuwa, amma mutane ne suka tara kashi 1 cikin 5 na amfanin gona har shekara 7.

Saboda haka, bana kowane gida ya kawo mudunsa tun da kaka. Wanda ya ranta ya mayar, domin gwauruwa da maraya su samu. Mu yi addu'a, mu kuma riƙe fartanya.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.