Jawabi A Kan Ƙwan Lantarki Mai Ƙarancin Cin Wuta

Maganar yau ta ƙwan lantarki ce, musamman irin wanda a kan kafa cikin silin, haskensa ya sauko ƙasa.

Tsohon ƙwai, wanda Edison ya kyautata a Amurka cikin 1879, yana da wani siririn zare a ciki, wuta ke gasa shi har ya yi fari ya ba da haske. To, wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ke ci zafi ta ke zama. Duk wanda ya taɓa cire shi da hannu yana ci, ba ya bukatar shaida. Watau dai ana biyan kuɗin haske, ana sayen zafi, ga shi kuwa a watan Afrilu ba wanda ke neman ƙari.

Sabon ƙwai, wanda a ke kira LED, ba shi da zare. Mai jan haske aka fara samu cikin 1962. Fari bai yiwu ba sai da waɗansu masana uku haifaffun Japan suka gano mai shuɗi, aka ba su lambar Nobel cikin 2014.

Ga lissafi, magatakarda su gwada da alƙalami. Tsohon ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. In zauren hakimi yana da ƙwai 10, ana kunna su awa 5 kowane dare, tsofaffin za su ci yunit 90 a wata, sababbin ba su kai 14 ba. Inda janareta ne, ragowar sai ta ja fanka. Lalle LED ya fi tsada a kanti, amma tsohon ƙwai wajen awa 1,000 ya ke yi, LED mai kyau kuwa ya kan yi 15,000 ko fiye.

Sai dai a yi hattara, gama jabu ya yi yawa a kasuwa. Mai saye ya duba adadin lumen a jikin kwali, shi ne ma'aunin haske, wat na cin wuta ne. Lumen 800 shi ne daidai da tsohon mai wat 60. Kada kuma a toshe bayansa cikin silin, zafi na rage masa kwana. Magatakarda ya rubuta ranar da aka sa kowane ƙwai, domin a san ɗan kasuwar da za a koma wa.