Batun kwana a Bauchi a hanyarmu ta zuwa Abuja

Don Allah kowacce ta karanta saƙon nan har ƙarshe, musamman waɗanda sunansu ya fito cikin masu tafiya taron Abuja.

Wasu sun ce mu miƙe daga Maiduguri har Abuja a yini ɗaya, kuɗin masauki ya huta. Na fahimce ku, kuɗi ya yi wuya. Amma tafiyar nan ta haura kilomita 800, ga shingayen bincike, ga ramuka. In muka miƙe, dare zai riske mu a wajen Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, gangaren da ko da rana sai direba ya yi taka-tsantsan da manyan motoci. Direban da ya wuni a kan sitiyari kuma barci ba ya neman izininsa. Sauri ya haifi nawa. Shi ya sa muka tsayar da kwana a Bauchi, don ita ce kusan tsakiyar hanya.

Ga tsarin. Mu tashi da safe, mu bi Damaturu, Potiskum, Darazo, mu shiga Bauchi kafin magariba in sha Allahu. Wadda ta makara mota ba za ta jira ta ba, kun san hanyar Damaturu ba a binta da yamma. Washegari bayan asuba mu kama hanyar Toro zuwa Jos, mu sauka Hawan Kibo da rana tsaka, sai Akwanga, Keffi, Abuja.

Maganar masauki: ba za mu tura kafin alƙalami don hoton da muka gani a waya ba. 'Yan uwanmu na Bauchi za su je su duba da idonsu: akwai ruwa? Ƙofa tana kulluwa ta ciki? Akwai mai gadi da wurin ajiye mota cikin katanga? Wuta fa, sola ce ko janareta, kuma ƙarfe nawa ake kashewa? Sai an tabbatar a biya, a karɓi rasit.

Za mu kwana uku-uku a ɗaki. Dattijai da masu shayarwa a ƙasa, ba hawa bene. Mai 'yan uwa a gari da take son kwana wurinsu, ta faɗa tun yanzu, ta bar lambar gidan, kuma ta iso kafin a tada mota. Ba mai fita da daddare ita kaɗai, ko masa za a sayo a Wunti a tafi bibbiyu.

Kowacce ta riƙe ƙaramar jaka a hannu, ban da akwatin da za a ɗaure: katin shaida, caja, sallaya, ɗan tsabar kuɗi don netwok yakan ɗauke, da rigar sanyi saboda Jos. Masu hawan jini da ciwon suga, maganinku a jakar hannu, don Allah. A kuma sanar da maigida ko iyaye inda za a kwana da sunan masaukin.

Wadda za ta tafi ta rubuto "ina ciki" kafin daren Alhamis, don mu san ɗakuna nawa za a kama. Bayan nan ba ƙari.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu mu tarar da iyalanmu lafiya.