Sauya Sana'a Bayan Girma: Misalin Zane Mai Motsi



Akwai karin magana biyu da Hausawa suka gada waɗanda, a ganin farko, kamar suna karo da juna. Na ɗaya ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na biyu kuwa ya ce gemu ba ya hana ilmi. Tsakanin waɗannan biyu ne maganarmu ta yau za ta tsaya, watau ko magidancin da ya shekara goma ko ashirin a wata sana'a zai iya barinta ya koyi zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, wanda a yanzu ake haɗa shi da kwamfuta. Tambayar ba ta wasa ba ce. Ma'aikacin gwamnati yakan ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, sau da yawa da sauran ƙarfinsa. Mutanen Kaduna kuwa sun ga yadda sana'a kan mutu ta bar masu ita a raye, sa'ad da masaƙun Kakuri suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, har babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007.

Bari mu fara da sanin nauyin aikin. Ido yakan ga hoto yana motsi in an jera masa hotuna 24 a cikin daƙiƙa guda, ke nan minti ɗaya yana cin hotuna 1,440. A da, da hannu ake zana su. Yanzu mai zane yakan tsara manyan matsayin motsin, na'ura ta cike tsakaninsu. To, amma na'ura ba ta san yadda tsoho ke tashi daga tabarma ba, ko yadda mace ke sauke tulu daga kanta. Wannan sai mai lura, lura kuwa ta fi yawa ga wanda ya daɗe a duniya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mustafa Alasan na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942. Makanike ne tun farko, sa'an nan ya koyi aikin majigi a Yamai a wajen Bafaranshe Jean Rouch, ya kuma je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na zane a kan wani shugaban ƙasar kwaɗi da tafiyarsa ta aiki, wanda a ciki ya yi wa masu mulkin zamanin zambo cikin raha. Ya zauna a Tawa, cikin ƙasar Hausa, ya rasu a 2015. Hannun da ya saba da kwance inji da ɗaurawa, shi ne ya iya sarrafa kayan aiki kaɗan ya fitar da abin kallo.

A Nijeriya ma haka abin yake. Adamu Waziri ilmin zanen gine-gine ya yi kafin ya ƙirƙiro shirin yara na Bino and Fino a Abuja a 2010. Roye Okupe ya bar aikinsa na kwamfuta a Amurka a 2015 ya rungumi labaran zane, daga cikinsu har da Malika, wadda ya ɗauko siffarta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Blessing Amidu kuwa masaniyar duwatsu ce a harkar mai, ita ce kuma ta shirya Lady Buckit and the Motley Mopsters a 2020. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da ya shigo hannu rabbana. Kowa da guzurin tsohuwar sana'arsa ya zo. Ai ko Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina kafin ya koma Zariya ya zama marubuci, har ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma malantar ce ta koya masa yadda ake magana da mai karatu.

Yanzu sai mu sauko gida. A ɗauka ga akawu a Hayin Banki, yana fita tun da safe, ya dawo bayan la'asar, ga iyali, ga kuɗin haya da na makaranta. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne, manhajar Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci lambar Oscar a 2025. Abin da bai sauƙaƙa ba shi ne tsadar kwamfuta mai ƙarfi, da wutar lantarki, da kuɗin intanet, da kuma lokaci. Saboda haka shawarata gare shi uku ce. Da fari, kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya riƙe albashinsa, ya ware sa'a biyu kullum. Na biyu, ya zaɓi fanni ɗaya, ko tsara labari, ko ƙera siffofi, ko motsa su, ko ɗora murya, domin aikin na taron dangi ne. Na uku, ya kammala abu na daƙiƙa talatin ya nuna wa mutane, domin a wannan sana'a aiki ake dubawa kafin takardar shaida. Ranar da aikin ya fara ciyar da gida, sa'an nan ya yi tunanin ajiye na ofis.

Daga ƙarshe, ga abin da ya shafe mu mu masu nazarin Hausa. 'Ya'yanmu suna kallon katun cikin harsunan wasu, alhali ga Gizo da Ƙoƙi da Botorami suna jiran mai zana su. Yaro ya fi babba saurin hannu a na'ura, babba kuwa shi ya ji tatsuniya daga bakin kakarsa, ya san inda ake jan murya da inda ake tsayawa. In waɗannan biyu suka haɗu a ɗaki guda, lalle za a ga aiki.