Ƙwarƙwata ba ta kashe yaro, piya-piya na kashewa

(Jawabi ga matasan ƙaramar hukumar Sukukutane da sunka zo hutu gida, gab da komawa lakwal)

Iyayenmu mata da ke zaune can baya, ina gaishe ku, sannunku da aikin gona. Malamai, sannunku. Ƴan uwana matasa, waɗanda sunka taho daga Yamai da Dosso da Dogonduci, da waɗanda ke nan suna riƙe mana gida, barkanmu da ganin juna.

Na ga wasu sun yi murmushi da anka ce batun ƙwarƙwata za a yi. A taro irin wanga an saba jin maganar tsaro da tsadar hatsi da lalacewar hanya. To ku yi haƙuri da ni. Watan Oktoba na tafe, za a buɗe lakwal, ƙannenku za su koma zama huɗu-huɗu bisa benci guda, wasu bisa tabarma cikin rumfar zana, kai na gogar kai. Bayan haka ɗari zai shigo, yara biyar su shige bargo guda. Kuma lokacin ne ake cire wake, kowane gida akwai kwalbar maganin ƙwari a kusurwar ɗaki. Haɗuwar abubuwan nan uku ita ta sa na roƙi a ba ni wagga dama.

Mu fara sanin abokiyar gabar. Ƙwarƙwata, wasu su ce ƙeya, girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ƙafafunta shida, ba ta da fiffike, ba ta tsalle kamar ƙuma. Rarrafe kawai take yi, amma ƙafafun nan suna da ƙugiya da ke kama silin gashi gam. Abincinta jinin mutum, tana sha sau da yawa a yini. Ba ta zama jikin akuya ko kare ko kaza, don haka a daina ɗora wa dabbobin gida laifi. Macen tana yin ƙwai wajen 6 a rana, ta manna kowane ɗaya jikin gashi dab da fatar kai da wani danƙo da sabulu ba ya narkarwa. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Ƴar da ta fito, bayan wasu kwana 9 zuwa 12 ita ma ta isa yin ƙwai. Babbar tana kai wata guda a kan mutum, amma in ta faɗo ƙasa ba ta wuce kwana 2, yunwa ke kashe ta. Ku riƙe lissafin nan, duk abin da zan faɗa gaba a kansa ya dogara.

Ƙaiƙayin da ake ji, yawunta ne jiki ke ƙi. Yaron da bai taɓa yi ba zai iya kai mako 4 zuwa 6 yana ɗauke da ita bai fara susa ba. Kun ga ke nan ranar da kunka ga Hadizatu na susa, abin ya daɗe da zagaya ɗakin. Wurin dubawa shi ne bayan kunne da ƙeya, wai ƙeya ta samu ƙeya. A fito da yarinya hasken rana, a buɗe gashin kaɗan-kaɗan. Amosanin kai in ka hure shi ko ka kaɗe zai tashi, ƙwan ƙwarƙwata kuwa sai ka kama shi da farce ka ja. In kuma gashin ne ke karyewa yana barin fili zagaye mai fari-fari, wannan makero ne, maganinsa daban, sai likita.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai, wato gori. A garuruwanmu in an ga ƙwarƙwata kan yarinya, uwarta ake zagi, a ce ƙazama ce. Ƙwarƙwatar kai ba ruwanta da tsabta. Ki wanke kan ɗiyarki kullum da sabulu mai tsada, in ta haɗa kai da mai ɗauke da ita za ta ɗauka. Ruwa ba ya kashe ta, tana iya maƙale gashi ta yi awoyi cikin ruwa. A Faransa, inda famfo ke cikin gidaje, duk shekara in an koma lakwal kantunan magani cike suke da maganinta. An samu ƙwanta a gashin gawarwakin tsoffin Misirawa da anka adana shekaru dubbai. To uwar da ke jan guga tun asuba ta samo ruwan sha da na girki, da wane dalili za a ce mata ƙazama?

Gorin nan yana da farashi. Uwa ta ji kunya ta ɓoye, ba za ta faɗa wa maƙwabciya ba, ba za ta faɗa wa madam ta lakwal ba, sai ƙwarƙwatar ta samu wata guda tana yawo. Yarinya kuma, an yi mata dariya a aji sau ɗaya, sau biyu, an matsa an bar ta ita kaɗai bakin benci, gobe ta ce ciwon kai take yi. Ku da kunka yi karatu kun san yadda ake fama kafin a bar ɗiya mace ta kai aji shida a ƙauyukanmu. Ba a buƙatar babban dalili kafin a ce ta zauna gida ta taya daka. Shi ya sa nake roƙon malamai, kada a kori yaro saboda ƙwarƙwata, kada a kira sunansa gaban aji. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma matsayinta ke nan: yaro ya ƙare darasinsa, a fara magani a gida, gobe ya dawo.

Ita kanta ƙwarƙwatar kai ba a san ta da ɗaukar wata cuta daga wani zuwa wani ba. Ɓarnarta hana barci, da ƙurajen da susa ke jawowa, waɗanda kan yi ruwa har kaluluwa ta fito a wuya. Mai haɗarin ita ce ƴar uwarta ta jiki, wadda ke zama cikin ɗinkin tufa. Ita ce wani likita Bafaranshe, Charles Nicolle, ya gano a Tunis a 1909 cewa tana yaɗa zazzaɓin taifus, har anka ba shi kyautar Nobel a 1928. Tana bayyana inda mutane sunka cunkushe ba halin canza kaya, kamar kurkuku da sansanin ƴan gudun hijira. Maganinta tafasa tufafi da wanka. In kun ga almajiri na susar jiki, ku duba ɗinkin rigarsa.

Abin da ke kisa shi ne abin da muke zuba wa yara. Piya-piya, Sniper, maganin feshin wake, garin da ake gauraya iri da shi kafin shuka, kananzir, isansi. Kowa a nan ya san gidan da ake yi. A shafa da dare, a ɗaure kai da kallabi ko leda, a ce kafin safe duk sun mutu. Iyayena, ku saurare ni da kyau. Guba irin ta piya-piya ba sai an sha ba, ta fata take shiga, kuma kan da anka sosa ya yi rauni ƙofa ce buɗe. Ledar da anka ɗaura kuwa ƙara tura ta ciki take yi. A 2019, a jihar Osun ta Najeriya, wata budurwa mai hidimar ƙasa, wadda ta gama karatu mai zurfi, ta rasu bayan ta sa Sniper a gashinta don kashe ƙwarƙwata. Babba ce, ba ɗiyar shekara shida ba. A shekarar ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Mu kuma kayan kasuwarmu da yawa daga ƙetaren iyakar nan suke shigowa, wasu cikin kwalbar da ba ko rubutu. Kananzir da isansi nasu haɗarin wuta ne: yarinya mai jiƙaƙƙen kai ta duƙa hura murhu, shi ke nan.

In ƙaddara ta sa an riga an shafa, kunka ga yaro na dalalar da yawu, yana gumi, yana amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi na yi masa wuya ko jiki na karkarwa, kada a tsaya ba shi madara ko mai, kada a sa masa yatsa a maƙoshi. Mai taimako ya sa leda a hannu, a tuɓe wa yaron kaya, a wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a ɗauki kwalbar a hau babur zuwa CSI. Akwai allurar da ke karya gubar, amma sai an je da wuri, kuma sai an faɗa wa likita gaskiyar abin da anka shafa.

To me za a yi? Ga yaro namiji abu mai sauƙi ne, a kai shi wurin wanzami a yi masa ƙwal-kwabo, da sabuwar reza tasa shi kaɗai. Ga ɗiya mace ban yarda da aski ba sai in kan ya cika da gyambo kuma likita ya ce a yi. Aske yarinya tallata ta ne ga duk gari.

Aikin na mataji ne da haƙuri. A tsefe kitson duka. A wanke kai, tun yana da danshi a shafe shi da mai sosai, man gujiya ko man kaɗe, duk wanda ke gida. Man ba shi ne mai kisa ba, nauyi yake yi musu su kasa gudu, kuma yana sa mataji ya wuce. A fara da babban mataji a warware gashin, sannan a ɗauki mai ƙananan haƙora, a raba gashi gida-gida kamar za a yi kitso, a riƙa ja tun daga fatar kai har ƙarshe. Kowane ja a goge matajin a farin ƙyalle a ga abin da ya fito. Ƙwan da ya ƙi fita a zare shi da farce. Irin gashinmu mai cika zai ci awa guda ko fiye, a ba yarinya abin taunawa ta zauna.

Inda ake faɗuwa shi ne a yi sau ɗaya a ce an gama, a kai ta a yi mata ƙananan kitso da zai yi mako uku ba a taɓa ba. Ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe cikin kitson, a dawo gidan jiya. Ku tuna lissafinmu: ƴar da ta fito tana buƙatar wajen kwana 9 kafin ta fara ƙwai. In ana tajewa duk bayan kwana 4, za a kama ta tun ba ta kai ba. In kun fara Juma'a, sai Talata, sai Asabar, sai Laraba. Ranar Lahadi ta bayanta a sake dubawa. A tsakanin nan a yi mata manyan kitso guda huɗu ko shida masu sauƙin tsifa. Kuma duk wanda ke kwana ɗakin a duba shi rana guda, har inna, har kaka. In anka yi wa ɗaya anka bar ɗaya, wahala ce kawai.

Mai hali zai iya sayen maganin shafawa a farmasi, irin mai permetirin ko mai dimetikon. A bi abin da takardarsa ta ce, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, domin yawancinsu ba sa kashe ƙwai duka. A ƙasashe da yawa ƙwarƙwata ta saba da permetirin, don haka in anka yi sau biyu ana ganin masu rai, kada a ƙara yawansa, a koma wurin likita. Jariri, da mai ciki, da kan da ya yi ƙuraje, kada a sa musu komi sai an tambaya. Kuma ba daga tiren mai tallan magani na ranar kasuwa ba. Tun 2006 dokar ƙasarmu ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitar gwamnati. Ƴan lakwal sun wuce wannan shekarun, shi ya sa na fi ba mataji ƙarfi, kuɗinsa bai kai na kwalbar guba ba.

Batun kayan ɗaki kada a wahalar da kai. Kallabi, hijabi, hula, rigar matashin kai da zanen rufa na kwana biyun da sunka wuce, a zuba musu ruwan zafi a shanya a rana. Mataji da tsinken kitso a jiƙa su cikin ruwan zafi minti 10. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi cikin leda mako 2. Ba a fesa wa ɗaki komi.

Masu kitso, ku ne kuka fi kowa ganin kan yaran garin nan. In kin gani, ki ja uwar gefe ki faɗa mata a kunne, kada ki bari sai a bakin rijiya ta ji. Ki ajiye kwano da ruwan zafi kusa, kayan aikinki su shiga ciki tsakanin kai da kai. Ƴan mata kuma, aron kallabi da haɗa kai ana kallon bidiyo a waya guda, a rage.

Ku matasa, ga abin da nake nema a wurinku kafin ku koma. Kowace lakwal tana da kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata ta AME. Ku je ku same su, ku da daraktan, a tsayar da rana guda a makon farko na komawa da iyaye mata biyu ko uku za su duba kan dukan yara, kowa da kowa, har ɗiyan malamai, don kada a nuna wani. A sake yi in ɗari ya shigo. Ku leƙa makarantun allo ku yi wa malam bayani da ladabi. Wanda zai aiko da tsaraba daga Yamai, ya sa mataji mai ƙananan haƙora biyu ko uku cikin kayan. Ku da ke da waya, ku ɗauki lissafin kwanakin nan da murya ku tura zaurukan WhatsApp na ƴan Matankari da Dankasari da Dogonkiriya da Gesheme, domin iyayenmu da yawa saurare suke yi, ba karatu ba. Yau da dare kuma, in kun shiga gida, ku nemi kwalbar maganin waken nan ku ɗauke ta daga ɗakin kwana, ku kai ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

In akwai mai tambaya, iyayenmu mata su fara.