Bin Sawun Saƙon Rukuni Daga Mai Karɓa Zuwa Tushe



Duk wanda ya san noman rani a ƙarƙashin madatsar Goronyo, wadda aka gama gininta a 1984 a kan Gulbin Rima, ya san ba a haƙa wa kowace gona magudana tata daga madatsa. Ruwa yana fita ta hanya ɗaya, sai inda ya kamata ya rabu. Haka saƙon rukuni yake a intanet, watau dabarar da Steve Deering ya tsara aka wallafa a 1989. A ce jami'a a Sakkwato tana watsa lacca ga ɗalibai a Wurno da Rabah da Goronyo: saƙo ɗaya ke fita, na'urorin raba hanya su ke ninka shi a mararraba. An keɓe wa wannan aiki adiresoshi daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255.

To, a ce lacca ta isa Wurno amma ba ta isa Rabah ba. Ina za a fara nema? Umarnin traceroute na Van Jacobson ba zai wadatar ba, domin daga mai aikawa yake binciko hanya, alhali saƙon rukuni daga wajen masu karɓa ake gina masa hanya. Manomin da ruwa bai zo gonarsa ba, ai magudana yake bi ya haura har ya tarar da inda ta toshe. Wannan shi ne aikin mtrace. Ma'aikaci ya rubuta shi a allon umarni, ya sa adireshin tushe, da na mai karɓa, da na rukuni. Tambaya ta fara daga na'urar da ke kusa da mai karɓa, kowace na'ura ta rubuta kafar da saƙo ke shigo mata, da wadda yake fita, da yawan ƙunshin da ta ƙirga, sa'an nan ta miƙa wa ta samanta. Inda lissafi ya ragu, ko amsa ta yanke, nan ne ɓarakar. An fitar da sabon tsarinsa a 2018.

A nan nake so ku tsaya sosai, domin nan ne akasari ake yin tuntuɓe. Na'ura ba ta karɓar saƙon rukuni sai ya shigo ta kafar da ita kanta za ta bi in za ta koma ga tushe. In ya shigo ta wata kafa, zubar da shi take yi, ba ta ce uffan. Hikimar ita ce kada saƙo ya yi ta kewayawa yana cika layi. Amma in Rabah tana da layi biyu, taswirar na'ura tana nuni ga ɗaya, saƙo kuwa yana zuwa ta ɗayan, ɗalibai za su zauna gaban allo baƙi, layukan kuma lafiyarsu lau. A na'urorin Cisco, show ip rpf zai nuna kafar da ake sauraro, show ip mroute kuma ya nuna kafofin fita. In wannan jeri ya zo fanko, watau babu wanda ya nemi saƙon daga ƙasa, sai a koma a duba ko kwamfutocin Rabah sun shiga rukunin tun farko.